Ɗakin Sama na Mashayar Kan Barewa

Yanzu sai ka ji suna cewa
tun ba a aza tubalin Landan ba ake yin su,
wai daga bakin tsofaffin kurmi suka gaji sirri,
Duruidawa masu farar riga,
masu yankan kauci da laujen zinariya.
Ni dai sai in rufe baki da tafi,
don ni na ɗinka gemun farko.

Keziya nake, matar Obadiah Tranter,
mai mashayar Kan Barewa, lungun bayan kasuwar kifi.
A shekarun nan birni ya sha hayaƙi.
Ba daren da za a tashi a zauren ƙasa
ba a fasa wa wani kofi a ka ba,
kan sarki, kan majalisa,
kan wace coci ce ke da mabuɗin sama.
Haƙorin Silas mai gyaran agogo
da tsintsiya na kwashe shi, haɗe da ƙayar kifi.

Wata Talata, ana yayyafi mai shiga ƙashi,
kafinta Barnabas Quill ya matso kusa da mijina:
"Nawa ne ɗakin sama? Mu bakwai ne.
Muna son inda mutum zai sha
ya koma gida da hancinsa yadda ya zo da shi."
Sule biyu, ban da kyandir da gawayi.

Sai suna, don taro ba suna zaman kashe wando ne.
Lemuel mai ɗinkin littattafai
ya taɓa karanta rabin wani tsohon kundi
kafin mai shi ya zo ya karɓe abinsa.
Rabin da bai karanta ba
a nan suka cike shi,
tsakanin tulu na biyu da na uku.

Zannuwan gadona ne suka zama riguna,
ɗaya ma da tabon dutsen guga a kafaɗa.
Gashin tumaki na tsefe na yi gemu.
Laujen yankan ciyawar doki ne
Silas ya shafa wa ruwan tagulla.
Kaucin kaɗai ne na gaske,
kwabo ɗaya a wurin mai furanni.

Doka guda suka kafa, ita ma da ƙyar:
siyasa da gardamar addini
a bar su gindin matakala tare da laka.
Wanda bakinsa ya suɓuce
ya jefa kwabo a tsohon akwatin gishirina.
Silas ya fi kowa ciyar da akwatin nan,
harshensa bai san linzami ba.

Ta cikin katakon rufi nake jin su,
waƙa kamar ana jan tebur,
Barnabas a bakin ƙofa yana rantsuwa
shi ya ƙirƙiri kalmar sirrin da ya manta.

Hunturu na tara tari ya tafi da Obadiah.
Ya bar ni da bashin mai dafa giya
da hayar wata uku.
Da asuba aka ƙwanƙwasa.
Bakwai ɗin nan sun zama arba'in,
ba gemu, ba zanen gado,
huluna a hannu, ruwa na ɗiga daga kafaɗu.
Suka aje akwatin gishiri a kan tebur,
mutum biyu ne suka ɗago shi.
Na ƙirga har rana ta fito:
makara, bashi, haya, da ragowar sayen gawayi.
Kowane kwabo zagi ne da ya leƙo
aka haɗiye sauransa.

Jiya wani sabon shiga, gemunsa na kanti,
ya tare ni a matakala:
"Iya, da gaske ne mun fi birnin nan daɗewa?"
Na hango shugabansu yana hawa,
tabon gugana har yanzu a kafaɗarsa.
Na ce, "Hau, ɗana, an kusa rufe ƙofa.
Ka dai goge ƙafarka."